Tarihin Kalmar "Whet" ta Ingilishi: Daga Bakin Wuƙa Zuwa Zuciyar Mutum

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Haka abin yake ga kalmomi, domin sau da yawa kalmar da aka ga ta tsufa, har ana zaton ta kusa fita daga bakin mutane, ita ce ke ɗauke da tarihin da sababbi ba su da shi. A wannan fitowa muna so mu ɗauki wata 'yar ƙaramar kalmar Ingilishi mai haruffa 4, watau "whet", mu bi sawunta tun daga inda ta taso har zuwa inda ta tsaya a yau. Ma'anarta ta farko ita ce wasa wuƙa ko takobi ko lauje a kan dutse. Ma'anarta ta biyu kuwa ita ce tayar da sha'awa ko kwaɗayin wani abu a zuciyar mutum.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa marubucin Hausa da wata kalmar Turawa? Dalilanmu biyu ne. Na farko, da yawa daga cikinmu suna rubutu da harsunan biyu, wasu kuma suna fassara, kuma wannan kalma tana cikin waɗanda kan kayar da ɗalibi har da malaminsa, domin akan rubuta "wet" a gurbinta ba tare da an lura ba. Na biyu, yadda kalma kan tashi daga maƙera ta shiga zuciya darasi ne ga duk wanda kalma ce jarinsa, kuma za mu ga cewa Hausa ma ta bi irin wannan hanya da ƙafarta.

Asalin kalmar

Kalmar ta girmi ƙasar Ingila kanta. Ta zo ne a bakin ƙabilun Angil da Sakson da Jut, waɗanda suka ƙetaro teku daga yankunan da a yau suke arewacin Jamus da Denmak, suka zauna a tsibirin Birtaniya tun daga ƙarni na 5. A harshensu, wanda masana ke kira Tsohon Ingilishi, ana rubuta ta "hwettan", watau harafin h ne a gaba, w na biye da shi. An samo ta ne daga wata siffa, "hwæt", wadda ake yi wa mutum mai kuzari da zafin nama, jarumin da ba ya ja da baya. Ke nan "hwettan" na nufin a sa abu ya zama mai wannan hali, kamar dai yadda Bahaushe ya samo "kaifafa" daga "kaifi", ko "ƙarfafa" daga "ƙarfi".

Wannan ya nuna mana wani abu muhimmi. Mutane da yawa suna ɗauka cewa wasa ƙarfe shi ne ma'anar gaskiya, ma'anar zaburar da mutum kuwa wani ado ne da marubuta suka ƙaƙaba daga baya. Tsofaffin rubuce-rubuce ba su goyi bayan haka ba, domin ma'anonin biyu tare ake samunsu tun farko. Alal misali, a cikin doguwar waƙar nan ta jarumtaka mai suna Beowulf, wadda kwafinta guda ɗaya da ya rage an rubuta shi wajejen shekarar 1000, da wannan aikatau aka bayyana yadda dattawa suka ƙarfafa wa jarumin guiwa lokacin da zai shiga jirgi ya tafi yaƙar dodo. Har ila yau kalmar tana da dangi a harsunan da suke tsatso ɗaya da Ingilishi. Bajamushe na cewa "wetzen", mutumin Holan na cewa "wetten", tsofaffin mutanen Nowe da Aislan kuma suna cewa "hvetja".

Darajar dutsen washi

Ba za mu gane nauyin kalmar ba sai mun san matsayin dutsen washi, wanda suke kira "whetstone", a rayuwar mutanen wancan zamani. Ƙarfensu ba ya riƙe kaifi na dogon lokaci. Manomin da ke yankan ciyawar da dabbobinsa za su ci da hunturu dole ya riƙa tsayawa a kai a kai yana wasa laujensa, in ba haka ba rana ta faɗi bai yi abin kirki ba. Mayaƙi ma yakan huda ɗan ƙaramin dutse ya rataya a ɗamararsa tare da wuƙa. Saboda haka dutse mai kyau haja ce ta fatauci. A wani wuri da ake kira Eidsborg, a yankin Telemak na ƙasar Nowe, an yi sama da shekara 1,000 ana fasa duwatsun washi ana fita da su ta jirgin ruwa, har cikin ƙarni na 20, kuma masu haƙar kayan tarihi sun tono irin waɗannan duwatsu a Ingila da Denmak da Jamus.

Abin bai tsaya ga manoma da mayaƙa ba, har fada ya shiga. A shekarar 1939 aka tono wani kabari a Sutton Hoo, a gundumar Safok da ke gabashin Ingila, inda aka binne wani babban mutum a cikin jirgin ruwa a farkon ƙarni na 7. Masana da yawa suna ganin kabarin Sarki Raedwald ne na Angil ta Gabas. Cikin dukiyar da aka samu har da wani dutsen washi mai tsawon kusan ƙafa 2, an sassaƙa fuskokin mutane 4 a kowane gefensa, an kuma ɗora masa siffar barewa ta tagulla a ka. Abin mamaki shi ne babu alamar an taɓa wasa komai a kansa. Wannan ya sa ake ɗaukarsa a matsayin sandar mulki, watau alamar cewa mai riƙe da shi shi ne ke kaifafa takubban mutanensa. Yana ajiye a Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan.

Hatta tatsuniyoyinsu ba su bar dutsen a baya ba. Snorri Sturluson, wani malami ɗan Aislan wanda ya tattara labarun gumakan kakanninsa wajejen shekarar 1220, ya kawo labarin wani ƙato mai suna Hrungnir wanda makaminsa dutsen washi ne. Da ya kara da Thor, gunkin tsawa, sai dutsen ya yi karo da gudumar Thor a sama ya rabu biyu. Rabi ya faɗi ƙasa, wai daga gare shi duk duwatsun washi na duniya suka samu, ɗaya rabin kuwa ya kafe a kan Thor, bai fita ba.

Wasa mutum kamar yadda ake wasa takobi

A adabin mutanen Aislan ne ma'anar zuga ta fi fitowa fili, har suna da suna na musamman, "hvot", ga jawabin da ake yi don tunzura mutum ya ɗauki fansa. Galibi mata ne ke yin sa, domin al'adarsu ba ta ba mace damar ɗaukar makami ko tsayawa gaban shari'a kamar namiji ba, sai harshenta ya zama makaminta. Akwai wata tsohuwar waƙa a kundin da aka rubuta wajejen 1270, wadda sunanta ma ke nan, Gudrunarhvot, watau zugar Gudrun. A cikinta uwa ce ke gorantawa 'ya'yanta maza biyu cewa wani sarki ya sa dawaki sun tattake 'yar'uwarsu, su kuwa suna zaune. Suka tashi suka tafi, kuma ba su dawo ba. A labarin Njal, wanda aka rubuta a ƙarshen ƙarni na 13, wata mata mai suna Hildigunn ta adana mayafin da aka kashe mijinta a ciki, da jininsa a bushe, ta jefa shi a kafaɗar ɗan'uwan mahaifinta Flosi, wanda da farko ya fi son a sasanta. Ƙarshen wannan zuga shi ne ƙone Njal da iyalinsa a cikin gidansu.

Abin lura a nan shi ne marubutan waɗannan labarai sun san cewa wanda ya wasa takobi yana da kaso a cikin jinin da takobin ya zubar, ko da hannunsa bai taɓa kowa ba. Wannan tunani yana nan kwance a ƙarƙashin kalmar.

Dutsen maƙaryata da dutsen masu lissafi

A ƙarni na 14 dutsen washi ya sami wani sabon aiki a birnin Landan, ya zama tambarin maƙaryaci. Kundin shari'o'in birnin ya nuna cewa a shekarar 1364 an kama wani mutum mai suna John de Hakford da laifin ƙaga labarin wata maƙarƙashiya da ya ce ana shiryawa a kan manyan gari. Aka yanke masa ɗaurin shekara 1 da kwana 1, kuma a cikin wannan shekara a fito da shi sau 4 a tsayar a bainar jama'a, ba takalmi, da dutsen washi rataye a wuyansa. A shekarar 1382 kuma wani Roger Clerk, wanda ya yi sojan gona a matsayin mai magani, ya ba da wata laya wai ta zazzaɓi, da aka buɗe sai aka tarar babu rubutun da ya ce akwai a ciki. Shi ma aka ɗora shi a kan doki ba sirdi, aka zaga gari da shi ana busa, da layar da dutsen washi a wuyansa. Bayanin da aka fi yi wa wannan al'ada shi ne ba'a ce, wai ga dutse nan ya ƙara wasa harshensa. Har aka daɗe ana cewa wane ya cancanci dutsen washi, idan ya shara ƙaryar da ta fi ta kowa.

Amma ba kullum ne dutsen ke ɗauke da abin kunya ba. Tun kafin haihuwar Annabi Isa, mawaƙin Rumawa Horace ya kamanta aikin mai koya wa wasu waƙa da na dutsen washi, wanda ke ba ƙarfe kaifi alhali shi kansa ba ya yanka. Malaman Turai sun riƙe wannan kamance ƙwarai. A shekarar 1557 wani likita kuma masanin lissafi, Robert Recorde, mutumin garin Tenby a ƙasar Wels, ya wallafa littafin aljabara da ya sa wa suna The Whetstone of Witte, watau dutsen wasa hankali. A cikin wannan littafi ne aka fara amfani da alamar daidai, watau =, wadda kowane ɗan firamare ke rubutawa a yau. Sunan littafin ma wasa da kalmomi ne, domin a Latin ana kiran dutsen washi "cos", a wancan zamani kuma ana kiran aljabara da wani suna mai kama da haka, wanda aka samo daga kalmar Italiyanci "cosa". Shi dai Recorde bai ci moriyar littafinsa ba, domin a shekarar 1558 ya mutu a kurkuku, bayan ya sha kaye a wata shari'a ta ɓata suna.

Zamanin Shekisfiya

A ƙarshen ƙarni na 16 da farkon na 17 kalmar tana tsakiyar ƙarfinta, ana amfani da ita ga ƙarfe da mutum baki ɗaya. Waɗanda suka karanta wasannin Shekisfiya a makarantar sakandare sun gamu da ita, ko da ba su tsaya a kanta ba. A wasan Julius Caesar, na wajejen 1599, da ita Brutus ya bayyana zugar da Cassius ya yi masa a kan Kaisar, zugar da ta raba shi da barci. A wasan Hamlet, fatalwar mahaifin yaron da ita ta yi amfani lokacin da ta dawo ta tarar ɗan ya yi sanyi wajen ɗaukar fansa. A wasan Macbeth kuma, lokacin da aka kawo wa Macduff labarin an hallaka matarsa da 'ya'yansa, dutsen washi Malcolm ya ambata don ya juya baƙin cikin mutumin zuwa fushi. Haka nan a fassarar Baibul ta Ingilishi ta shekarar 1611 an yi amfani da kalmar ga takobi da ƙarfe, har ma ga harshe.

Mai karatu zai lura cewa a duk waɗannan wurare akwai ƙamshin jini. Mutum ake wasawa, kuma a kan wani mutum ake wasa shi. Wannan amfani ya mutu a Ingilishin yau. Wanda ya rubuta cewa wane ya yi "whet" ɗin wane a kan abokin gabarsa, za a ce yana kwaikwayon mutanen da ne.

Yadda kalmar ta koma ga ciki

Tun daga ƙarni na 17 aka fara haɗa kalmar da "appetite", watau sha'awar abinci. Hikimar a fili take, domin Bature yana kwatanta yunwa da abu mai kaifi, don haka abin da ke ƙara ta ya zama kamar dutsen washi. Daga nan aka sami suna, "a whet", ga ɗan abin da ake taɓawa kafin abinci ya sauka, musamman ɗan kurɓin barasa. A farkon ƙarni na 18 jaridar Tatler, wadda Richard Steele ya kafa a Landan a 1709, ta yi wa wasu 'yan kasuwar birnin shaguɓe da sunan "whetters", saboda sun mai da wannan kurɓi na safe al'ada, har lokacin ciniki ya yi ba su cikin hayyacinsu sosai.

Yayin da wannan ma'ana ke ƙara yaɗuwa, ta asali kuma sai ja da baya take yi, kuma dalilin ba daga harshe yake ba, daga rayuwa yake. A ƙarni na 19 injunan girbi suka fara karɓe aikin lauje a gonakin Ingila da Amurka. Takobi ya zama kayan ado na hafsoshi. A shekarar 1903 kamfanin Gillette ya fara sayar da reza wadda ake jefar da ita in ta dakushe. Mutumin birni ya wayi gari ba ya wasa komai da hannunsa, in ma zai yi, kalmomin "sharpen" da "hone" sun fi kusa da bakinsa. Sai "whet" ta rage a cikin 'yan jimloli ƙalilan, kamar tsohon da 'ya'yansa suka watse ya rage a ɗaki guda na babban gida. Da yawa daga masu cewa "whet the appetite" a yau ba su taɓa riƙe dutsen washi ba, ba su kuma san akwai wuƙa a cikin maganar ba.

Yadda aka rikita ta da "wet"

Kalmar "wet", mai nufin jiƙa ko jiƙaƙƙe, ba ta da dangantaka da "whet" ko kaɗan. Ita 'yar'uwar "water" ce, watau ruwa. A da kunne ma yana raba su, domin ɗaya da sautin hw take farawa, ɗaya kuma da w. Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, marubuta suka sauya al'adun rubutu da dama, a hankali hw ta juye ta zama wh. Da William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila a 1476, sai ɗab'i ya taimaka wajen tabbatar da wannan rubutu. Amma baki bai tsaya inda alƙalami ya tsaya ba. A kudancin Ingila mutane suka riƙa yar da sautin h ɗin. A shekarar 1791 John Walker, a cikin ƙamusunsa na lafazi, ya lissafa wannan a cikin kurakuran mutanen Landan. Faɗansa bai hana komai ba, domin a yau mafi yawan masu magana da Ingilishi ba su bambanta "whet" da "wet", ko "which" da "witch", ko "whether" da "weather". Inda bambancin ya fi saura shi ne Sikotilan da Ailan da wasu sassan Amurka.

Wani abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne akwai wata tsohuwar magana, "wet your whistle", wadda ke nufin jiƙa maƙoshi, kuma tana nan tun zamanin Chaucer, wanda ya rasu a 1400. Ga magana biyu, duka sun shafi ci da sha, duka sautinsu ɗaya. Bugu da ƙari, mai jin yunwa yawunsa kan tsinke, sai mutum ya ga ai "wet" ɗin ma ta yi ma'ana. Haka kuma wasu na zaton an kira dutsen "whetstone" ne don ana zuba masa ruwa kafin a yi washi, alhali wasu duwatsun ma da mai ake amfani da su. Kuskuren da ke da hujja irin wannan ya fi kowane wuyar fita daga kai.

Yadda ake amfani da ita a yau

Ga wanda zai rubuta kalmar, ga abubuwan da ya kamata ya kiyaye.

1. Aikatau ce mai neman karɓau. Ba a cewa abu ya yi "whet" a yi shiru, sai an faɗi abin da aka wasa.

2. Abin da ake wasawa a Ingilishin yau sha'awa ce, ba mutum ba. Kalmomin da suka fi binta su ne "appetite" da "curiosity" da "interest" da "desire". Idan za a ambaci abin da ake kwaɗayi, da "for" ake kawo shi, misali: "The first chapter whetted my appetite for the rest."

3. Ana ninka harafin t idan an yi mata ɗafa-ƙeya, watau "whetted" da "whetting". A shuɗaɗɗen lokaci "whetted" ake cewa, ba a barinta yadda take kamar "set" ko "let".

4. Ƙara sha'awa take nufi, ba kashe ta ba. Wanda ya rubuta cewa ya ci tuwo ya ƙoshi, sa'an nan ya ce tuwon ya yi "whet" ɗin yunwarsa, ya faɗi kishiyar abin da yake nufi.

5. Sha'awa ana yi mata "whet" da h, maƙoshi kuwa ana yi masa "wet" ba h. Hanya mai sauƙi ta tunawa ita ce mutum ya tambayi kansa, wuƙa ce a cikin maganar ko ruwa?

Sai dai muna jan hankalin marubuta cewa "whet the appetite" ta sha hannu ƙwarai a jaridu da tallace-tallace, har ita kanta ta fara dakushewa. Sanin ƙa'idarta wajibi ne, amma ba dole ne a cusa ta a kowace muƙala ba.

Inda Hausa ta shigo

Wanda ya biyo mu zuwa nan zai ga cewa babu abin da ke baƙo ga Bahaushe a cikin wannan tarihi. Mahauci na wasa wuƙa, wanzami na wasa aska, haka kuma maroƙi na wasa basarake, ɗan tauri na wasa kansa da kirari. Duk wanda ya saurari yadda Ɗan Anace ke wasa Shago ya san cewa ana wasa mutum har ya ji babu wanda zai iya tsayawa gabansa. Muna kuma cewa wasa ƙwaƙwalwa, wanda kusan shi ne sunan da Recorde ya ba littafinsa. Kuma ba wannan kalma kaɗai muka ɗauko daga wurin masu ƙarfe ba. Maƙeri na koɗa fartanya, ana koɗa dutsen niƙa, ana kuma koɗa mutum da yabo har kansa ya kumbura. Yaron maƙeri na zuga wuta da zugazugi, mugun aboki kuma na zuga mutum har ya faɗa halaka. Babu wanda ya ara daga wani tsakanin Hausa da Ingilishi a nan. Al'ummu biyu ne da suka rayu da ƙarfe, kowacce ta dubi wuƙa ta ga halin ɗan Adam a ciki.

Akwai kuma wani abin sha'awa game da rubutu. Bature ya bambanta "whet" da "wet" a takarda, amma bakinsa ya haɗe su. Mu kuwa namu a juye yake. Bakinmu ya bambanta wasa na yara da wasa na wuƙa ta hanyar karin sauti, domin na farko yana farawa ƙasa ya hau, na biyu yana farawa sama ya sauka, amma rubutun boko na yau da kullum ya haɗe su, sai a ƙamus irin na Bargery na 1934 ake sa alamar da ke raba su. Don haka idan marubuci ya rubuta "yana wasa da wuƙa" alhali "yana wasa wuƙa" yake nufi, 'yar kalmar "da" kaɗai ta mai da mahauci ƙaramin yaro. Daɗin daɗawa, sautin hw da mutanen Landan suka yar yana nan daram a Hausar yamma. Basakkwacen da ke cewa "hwara" da "hwaɗi" ya fi Baturen Landan na yau kusa da yadda kakannin Baturen ke furta "hwettan".

Ga mai fassara kuwa, shawararmu ita ce kada ya ɗauko maganar ɗungurungum ya ce abu "ya wasa sha'awata", domin Bahaushe ba ya faɗin haka. Muna da namu. Muna cewa abu ya kwaɗaitar da mu, ko ya sa yawunmu ya tsinke, ko ya sa mun ƙagu. Ɗan abin da ake bayarwa kafin babban ya zo shi ne somin-taɓi, wanda kuma aka ɗanɗana aka kasa haƙuri shi ne ɗanɗani-haukaci. Jimlar da muka kawo a sama, in za a mai da ita Hausa, sai a ce babin farko ya sa na ƙagu in ga sauran. Idan kuwa a tsohon rubutu aka gamu da kalmar, irin na Shekisfiya, to zuga ko tunzura ko ingiza su ne suka dace.

Kammalawa

Mun ga yadda kalma guda ta fito daga bakin mayaƙa, ta shiga fadar sarki, ta rataya a wuyan maƙaryata, ta hau bangon littafin lissafi, daga bisani ta ƙare a teburin cin abinci. Abin da ya rage mata ƙarfi shi ne mutuwar sana'ar da ta haife ta. Wannan gargaɗi ne gare mu, domin yaron da ya tashi a birni, wanda garin tuwonsa daga inji yake zuwa, yana iya sanin koɗa mutum bai san koɗa dutsen niƙa ba, kuma ranar da hoton ya ɓace daga ido, kalmar takan zama fanko. Aikin marubuci ne ya je maƙera da mahauta da zauren wanzami ya ji sunayen abubuwa daga bakin masu su, ya sa su a labarinsa a inda suka dace.

Sa'an nan kada mu manta cewa rubutu ma washi ne. Babin farko na littafi yana wasa sha'awar mai karatu, mai sharhi na gari yana wasa marubuci, waƙa kuma tana iya wasa jama'a a kan jama'a, kamar yadda Gudrun ta yi wa 'ya'yanta. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Saboda haka kafin ɗayanmu ya ɗora alƙalami a takarda, yana da kyau ya san abin da yake wasawa, da kuma wanda za a yanka da shi.